Teburin gyara ya ɗaure ni a kujera: in haɗa keken caji ne ko in fara tattaki kawai?

Baban Sadiq, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina amfana da shawarwarinku a kan inbata da batir da fanel, amma abin da na kawo yau ya shafi jikin mai gyaran ne, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya ba ni lokacinsa. Shekaruna 43. Da rana ina aikin ofis a gaban kwamfuta daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, idan na dawo gida kuma, da zarar an idar da sallar isha'i sai in shiga ɗan ɗakin da na ware kusa da zaure, inda nake kwance rediyo da fanka da cajar waya, ina haɗa 'yan na'urori da Arduino da ESP32, wato 'yan ƙananan kwamfutoci da ake rubuta wa umarni su sarrafa na'ura. Ba da shi nake ci ba, sha'awa ce da na taso da ita tun ina firamare, lokacin da nake haɗa ƙwan tocila da batir a cikin gwangwanin madara. Ni na haɗa solar gidanmu da hannuna, ni na yi abin da ke kashe famfo idan tanki ya cika, kuma babu inda hankalina ke kwanciya kamar wannan ɗaki.

Makon jiya na kai mahaifiyata asibiti, sai ma'aikaciyar jinya ta ce ni ma in miƙo hannu a auna. Awon jinina ya nuna 148 bisa 94. Nauyina kilo 92 ne, tsawona mita 1.72, kuma wandunan da na ɗinka a sallar bara duk sun matse ni. Ofishinmu a hawa na biyu yake, kuma a 'yan watannin nan ba na isa sama sai da haki. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga a wuni ɗaya ina zaune sama da awa 13, tsakanin mota da ofis da teburin gyara, ga ciwon ƙugu da na wuya waɗanda na saba da su har na daina ɗaukarsu ciwo.

Ga abin da nake shirin yi. Akwai tsohon keken mahaifina, Raleigh, a ajiye a sito. Ina so in kai shi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a nan Kaduna, a yi masa mazauni na ƙarfe wanda zai ɗaga tayar baya, in haɗa masa moto da zai ba da wuta idan ana taka feda, wutar ta shiga ƙaramin batir, sannan in sa allo da zai riƙa nuna mini gudu da nisa da yawan wutar da na samar. Tunanina shi ne idan motsa jikin ya shiga cikin abin da nake so, ba zan bar shi ba, domin sau biyu ina sayen takalmin sassarfa, kuma duka biyun ban wuce mako guda ba. Wane irin moto ya fi dacewa, kuma akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan ya ga amfaninsa a jikinsa?

Injiniya na Barnawa:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Sadiq, Allah Ya ƙara wa mahaifiyarka sauƙi, kai ma Ya ba ka lafiya. Na haɗa irin wannan shekara uku da suka wuce, kuma har yanzu ina hawa. Kada ka ɓata kuɗinka a kan altanetar mota, wadda ita ce kowa ke fara tunawa, domin sai an ba ta wuta kafin ta samar da maganaɗisunta, kuma tana buƙatar juyi mai sauri ƙwarai wanda ƙafa ba za ta iya riƙewa ba sai da wahala. Nemi moton da ke cikin tayar keken lantarki, ko na abin hawan yaran nan mai taya biyu da ake tsayuwa a kai, saboda maganaɗisunsa na dindindin ne, kuma yana fara ba da wuta tun ana juya shi a hankali. Wayoyi uku masu kauri ne ke fitowa daga cikinsa, don haka sai ka haɗa dayod 6, wato 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, su daidaita wutar, sannan ka sa abin daidaita caji tsakaninsa da batir. Kada ka kuskura ka haɗa shi kai tsaye da batirin litiyam.

Sai dai ina so ka san lissafin tun yanzu don kada ranka ya ɓaci daga baya. Mutumin da bai saba ba, abin da zai iya riƙewa na tsawon lokaci bai wuce wat 50 zuwa 100 ba. Mu ce wat 70 na rabin awa, wato wat-awa 35, kuma idan aka cire abin da ke salwanta a sarƙa da dayod da caja, da ƙyar ka tsira da 25. Batirin wayar da aka rubuta wa 5,000 mAh yana ɗaukar wat-awa kusan 19, ka ga gumin rabin awa zai cika waya ɗaya ne da ɗan ragowa, alhali faifan sola mai wat 300 zai ba ka wannan cikin kimanin minti 10 idan rana ta buɗe. Saboda haka ba don wuta za ka yi ba. Amma ni shaida ne cewa ganin lamba tana hawa a allo yana riƙe irinmu a kan sirdi fiye da duk wata nasiha.

Game da awon nisa, ɗaura ɗan maganaɗisu a jikin sifok ɗin taya, ka sa sansa mai jin maganaɗisu a kusa da shi ta riƙa ƙirga juyi. Taya mai inci 26 tana cin mita 2 da ɗan ɗoriya a kowane juyi, sauran lissafin ba zai gagari ESP32 ba.

Maman Hanifa, Tudun Wada:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maigidana irinku ne, don haka na san wannan ɗakin da kuke shiga. Na karanta bayaninka har sau biyu, kuma abin da ya dame ni shi ne ka ambaci 148 bisa 94 a jimla ɗaya ka wuce, sannan tambayarka ta ƙare a kan moto. Kafin a je Panteka, a yi walda, a nemo moto, a ƙona dayod a sake saye, a rubuta umarnin allo, wata biyu ko uku sun wuce, kuma duk wannan aikin a zaune za ka yi shi. Jinin ba zai jira a gama haɗa keke ba.

Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, musamman wanda aka yi a asibiti mutum yana cikin damuwar marar lafiyarsa. Ƙa'idar ita ce a samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu mabambanta. Tun da kana son na'ura, wadda ya kamata ka fara saya ita ce na'urar awon jini mai ɗaurawa a damtse, ka bar ta wuyan hannu. Ka zauna minti 5 ba ka magana, bayanka a jingine, tafin ƙafarka a ƙasa, hannunka a kan tebur daidai da ƙirji, kuma kada ka sha shayi ko kofi ko ka ci goro rabin awa kafin awon. Ka yi sau biyu da safe, sau biyu da dare, tsawon kwana 7, ka rubuta, ka kai wa likita takardar. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135 bisa 85 ma ana ɗaukarsa ya hau. Idan likita ya ce sai da magani, ka sha, domin na ga mutane da yawa da suka ce za su sauke shi da motsa jiki kaɗai, aka dawo mana da su ɓarin jiki ya shanye.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a jagorarta ta 2020 shi ne babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka a kwana biyu ko fiye. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Minti 30 sau biyar a mako ke nan, kuma gobe bayan sallar asuba za ka iya farawa da takalman nan biyu da ka ajiye. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a wuni, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, da yajin tsire, da ɗan ƙullin da ke cikin taliyar da masu shayi ke dafawa. Ka zauna da uwargida ku yi wannan maganar, domin a tukunya ake gyara ta.

Baba Mai Rediyo, Rigasa:

Ɗana ne yake rubuta mini, domin idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, kuma wannan ma yana cikin abin da zan faɗa maka, ɗana Baban Sadiq. Na yi shekara 34 ina gyaran rediyo da kaset da talabijin a Tudun Wada. A shekarun farko da keke nake zuwa shago daga Rigasa, in koma da shi da yamma, kuma ban san ciwon ƙugu ba, ban san teɓa ba, tuwo kuwa nakan ci malmala biyu in kwanta. Ban taɓa kiran wannan motsa jiki ba, zuwa aiki ne kawai. Shekarar da na sayi mashin na yi murna, abokai suka taya ni murna, amma ba a yi shekara uku ba ciki ya fito, ƙafa ta yi nauyi, daga baya aka ce ina da ciwon suga. Saboda haka ni a ganina, keken mahaifinka kada ka ɗaga tayarsa sama. Ka sa masa sabuwar taya da tif, ka gyara birki, ka riƙa zuwa sayen kayan gyaranka a kansa ranar Asabar da safe kafin motoci su yi yawa.

Abu na biyu, kuma shi ne ya sa na ce lallai sai an rubuta mini, shi ne dalmar da muke narkarwa wajen liƙi. Mu a zamaninmu idan hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen liƙi, ɗaya na riƙe da waya, da baki muke riƙe dalmar, kuma da wannan hannun muke cin gyaɗa da rogo a bakin aiki ba tare da mun wanke ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana guba ce. Sai a 2010, da aka riƙa ba da labari a rediyo cewa gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, sannan jikina ya yi sanyi, na tuna 'ya'yana da ke wasa a ƙarƙashin teburina suna tsintar ɗigon dalma mai sheƙi. Na san abin da ke kan tebur bai kai na can ba ko kusa, amma dalma dai dalma ce, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukarta. Kada ka ci komai a ɗakin nan, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yaro, kuma ka sa wa ƙofar kwaɗo.

Injiniya na Barnawa:

Allah Ya saka da alheri, Baba, Ya ƙara muku lafiya. Ina so in ƙara a kan maganarku, domin mutane da yawa suna ɗauka hayaƙin da ke tashi lokacin liƙi shi ne dalmar. Wayar dalma ta gargajiya tana narkewa ne a wajen digiri 183 zuwa 190, muna aiki da ƙarfe a wajen 350, ita kuwa dalma ba ta tafasa sai ta haura 1,700. Hayaƙin na ƙaron da ke cikin wayar ne, kuma shi ma ba abin wasa ba ne, yana jawo asma ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Dalmar ta hannu take bi ta shiga baki, kamar yadda Baba ya faɗa. Fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 da ɗan bututu zuwa taga sun isa su janye hayaƙin. Idan kuma batiran inbata masu ruwa suna cikin ɗakin, a fitar da su inda iska ke ratsawa, saboda suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji.

Abba Ɗan Poli:

Ina gaida iyayena da yayyena. Yaya Baban Sadiq, ni ina tare da Injiniya a kan cewa lamba tana taimako, amma ba sai ka haɗa komai ba, domin wayar da ke aljihunka tana ƙirga taku, kuma akwai agogon hannu masu sauƙin kuɗi da ke yin haka har da bugun zuciya. Ni tun da na sa wa kaina taku 10,000 a wuni, na daina hawa Keke Napep daga makaranta zuwa Kasuwar Barci, kuma idan dare ya yi na ga saura 1,500, sai in zagaya layinmu har sai ta cika. Wata huɗu ke nan ban fasa ba sai ranar da na yi zazzaɓi. Ba don agogon ba, na tabbata da tuni na bari.

Malam Abu Hafsa, Malali:

Abba, Allah Ya yi maka albarka, naci irin naka abin koyi ne. Amma ya kamata a san asalin wannan 10,000 ɗin, don kada mutum mai shekara 43 da kilo 92 ya ga ya yi 4,000 ya yanke ƙauna. Ba daga binciken likitoci lambar ta fito ba. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sai sunan kasuwa ya zama kamar doka a duniya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019, a kan mata sama da 16,000 masu matsakaicin shekara 72, ya nuna cewa masu taku kusan 4,400 sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwa a tsawon binciken, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Tsofaffin mata aka bincika, ba za a ɗora sakamakon a kan kowa kai tsaye ba, amma ya isa ya nuna cewa wanda ke ƙasa sosai shi ya fi cin ribar ɗan ƙari. Tafiya mai ɗan sauri tana kai taku 100 a minti, wato rabin awar da Hajiya Maman Hanifa ta faɗa taku 3,000 ne a kan abin da ka saba.

Kuma na'urar ba ƙafa take gani ba, girgiza take ji. Na taɓa hawa Keke Napep a wata hanya mai ramuka, na sauka agogo ya ƙara mini taku ɗaruruwa ban taka ko ɗaya ba. Bugun zuciya ma da koren haske take aunawa, tana duba yadda jini ke shanye hasken a ƙarƙashin fata, don haka idan agogon ya yi sako-sako ko hannu na motsi sosai sai ta yi kuskure. Wanda kuma aka ce yana auna hawan jini daga cikin masu arahar nan, kada a dogara da shi ko kaɗan.

Baban Sadiq, Unguwar Dosa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya Maman Hanifa, maganarki ta yi mini nauyi a daren jiya, amma gaskiya ce, kuma na gane cewa na karkata ga moto ne saboda shi na san yadda zan yi da shi, lambar asibitin kuwa tsoro take ba ni. Yau na sayi na'urar awon. Baba, ƙaramar 'yata mai shekara uku tana shiga ɗakin nan kullum, kuma ban taɓa kawo komai a raina ba sai da na karanta saƙonku. Na share ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, na sa kwaɗo.

Sai dai akwai abin da ban faɗa ba, wanda shi ne ya karya ni a karo biyun da suka wuce. A layinmu an fi kawo wuta da dare, wani lokaci daga ƙarfe 11, kuma ba na son in ɗora ƙarfen liƙi da na'urar hura zafi a kan batiran gida alhali iyali na buƙatar fanka. Don haka idan wuta ta zo sai in zauna har ƙarfe 2, da shayi mai madara da sukari a gefena, wani lokaci da lemon kwalba. Idan na tashi sallar asuba, abin da kawai nake so shi ne in koma in kwanta kafin lokacin ofis. Ta yaya mai barcin awa huɗu zai fita tattaki? Shi ya sa keken cikin ɗaki ya ja hankalina, domin zan iya hawa da yamma ko ana ruwa ko ana ƙura.

Maman Hanifa, Tudun Wada:

To ai Malam yanzu ka faɗi ciwon. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma ƙarancin barci shi kansa yana ɗaga jini, yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Da yawa daga cikin lemukan kwalba masu santilita 35 suna ɗauke da sukari sama da giram 30, kusan cokalin shayi 8, kuma kwalba ɗaya tana mayar da kusan duk abin da rabin awar keken Injiniya zai ƙona. Mutumin da ya haɗa solar gida da hannunsa ba zai rasa dabarar da za ta sa ya yi liƙi da ƙarfe 8 na dare ba.

Injiniya na Barnawa:

Hajiya ta yi gaskiya a nan. Akwai ƙananan ƙarafan liƙi na zamani da ke aiki da cajar USB-C ko batirin bolt 12 zuwa 24, suna zafi cikin daƙiƙoƙi, kuma da zarar sun kai zafin da aka sa musu abin da suke ja kaɗan ne. Ƙaramin batir ɗaya da aka ware wa tebur, ana caja shi da rana, ya raba ka da jiran wuta. Amma Hajiya, ban yarda keken ɓata lokaci ba ne. A watan Agusta ana iya kwana uku ana ruwa da asuba, ga ƙurar hunturu da ke tafe, ga azumi da zai zo ya sauya lokacin kowa, kuma mutumin da tattaki kaɗai ya dogara da shi a irin waɗannan ranakun yake yankewa, idan ya yanke kuma da wuya ya dawo.

Maman Hanifa, Tudun Wada:

Ban ce kada ya haɗa ba, Injiniya, na ce kada ya jira shi. Kai ka ci gaba da hawa naka shekara uku, amma ni na san gidaje da dama da keken motsa jiki ya koma wurin shanya tawul.

Anti Mai Ɗinki, Kawo:

Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni, domin ni ma a zaune nake wuni, ina ɗinki, kuma ni nake gyara kekunana da fitilun solar shagona. Ina so maza su tuna cewa shawarar fita tattaki bayan asuba ba kowa take yi wa ba. Ni a wannan lokacin ina hura wuta ina shirya yara makaranta, kuma ko da ina da sarari, fita ni kaɗai gari bai gama wayewa ba abu ne da ba zan yi ba. Abin da ya yi mini amfani a cikin gida yake. Shekarun baya na sa wa kekunana moto duka saboda sauri, sai ƙafafuna suka fara kumbura da yamma. Na cire moton ɗaya na mayar da shi na takawa, ina yin ƙananan ayyuka a kansa, kuma na mayar da teburin yanka da na guga can ƙarshen shago, yadda dole in tashi a kowane ɗinki. Ban da wannan, bayan la'asar ni da maƙwabciyata muna zagaya tsakar gida minti 20, sannan in zauna a kujera in tashi sau 15 ba tare da na dafa ba, in huta, in sake.

Malam Baban Sadiq, irin wannan nake ba ka shawara a ɗakinka. Mu masu aikin hannu burinmu kullum komai ya kasance inda hannu zai kai, kuma wannan tsarin ne yake ɗaure mu. Ka kai akwatin ƙananan kaya bango na nesa. Sannan ka lura da ɗaga batir, domin na ga yadda kuke sunkuyawa ku ciccibi mai amfiya 200, wanda nauyinsa ke kai wajen kilo 60, kuna riƙe numfashi. Da ƙugu mai ciwo da jini mai hawa, wannan aikin mutum biyu ne.

Baban Sadiq, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum. Mako biyar ke nan da na kawo wannan magana, kuma na ga ya zama haƙƙi in dawo in faɗi inda aka kwana. Matsakaicin awon kwana 7 ya fito 141 bisa 90. Na kai wa likita, ya sa aka duba suga da ƙoda, ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya da safe, ya ce in dawo bayan wata uku da sabuwar takarda. Ban ji daɗi ba a ranar, amma ina sha. A makon nan awon yana tsakanin 128 da 134 a sama, kuma ba zan iya rabe abin da magani ya yi da abin da tafiya ta yi ba.

Tattakin bayan asuba bai yiwu mini kullum ba, sai na sauya dabara. Akwai masallacin da ke da nisan tafiyar minti 12 daga gidana, can nake zuwa magariba a ƙafa, in zauna har isha'i, in dawo, sannan a ofis na daina aiken masinja, ni nake sauka in hau. Ranar Asabar ina zuwa Dandalin Murtala, inda na tarar da dattawan da suka girme ni suna zagaye, har da wani da ya ce mini ya gama kilomita 21 a gudun fanfalaƙin Kaduna na Nuwamban 2020. Na samu ƙarfen liƙi mai batir, kuma na yi amfani da ESP32 ɗin da na tanada don keke na haɗa abin da ke yin ƙara duk minti 30, maɓallin kashe shi kuma na kafa shi a bakin ƙofar gida, sannan da ƙarfe 10 da rabi yana yanke wutar tebur gaba ɗaya. Sau uku na zare shi na ci gaba da aiki, duka a daren da wani gyara ya ƙi ci, kuma wannan har yanzu ban shawo kansa ba. Nauyi kilo 2 kawai ya ragu. Lemon kwalba na bari, shayin kuwa na rage sukarinsa zuwa cokali ɗaya.

Keken yana wurin mai gyara, an sa masa taya da birki kamar yadda Baba ya ce. Injiniya, ban fasa mazaunin ba, amma ina so a yi shi yadda zan ɗora keken in sauke cikin minti ɗaya, moton ya kasance a jikin mazauni yana gogar taya, domin ƙura ta fara sauka kuma maƙogwarona ya fara gaya mini. Idan kana da awon ƙarfen da ka yi amfani da shi, ka turo mini kafin Asabar.

Injiniya na Barnawa:

Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara sauƙi. Bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya da rabi na yi amfani da shi, faɗin gindin santimita 60 don kada ya yi rawa, amma tun da naka na ɗorawa da saukewa ne sai an ga keken kafin a yanka ƙarfe. Ka taho da shi Panteka ranar Asabar da ƙarfe 10, a kansa za ka zo ba a but ɗin mota ba, ka rufe hanci saboda ƙura. Zan zo da moto ɗaya da nake da shi a ajiye mu gwada.